Wasiƙa a Buɗe ga Masu Nazarin Tagwayen Taurari Masu Hasken Eksire

Tagwayen nan baƙin rami ne, ko tauraruwar niyutiron, da wata tauraruwa suke kewaya juna, na farkon yana zuƙe gas daga jikin abokiyarsa. Gas ɗin yakan taru ya zama faifai mai juyawa. Da yawansu sukan yi shekaru a lafe, sai faifan ya ɗau zafi, gas ya kwararo ciki, haske ya ɓarke na makonni ko watanni. V404 Cygni ta yi haka a 1989 da 2015.

Iskar da ke lulluɓe da duniya tana tare hasken eksire, don haka ko kan Dutsen Dala aka kafa madubin hange, ba za a gan shi ba. Aikin ɗalibi ko malamin fiziks a Kano yana cikin bayanan taurarin ɗan'adam, irin su RXTE da ya yi aiki daga 1995 zuwa 2012. Rumbun HEASARC na hukumar NASA yana bayar da su kyauta ta intanet.

Ɓarkewa takan fara da yanayin tsauri. Haske mai ƙarfin kuzari, daga gas mai tsananin zafi a kusa da ramin, shi ke rinjaye. Yana rawa sosai, kuma ana jin feshin gas da ramin ke yi ta zangon rediyo. Daga baya zafin faifan ya karɓe, a shiga yanayin laushi, rawar ta lafa, feshin ya ɗauke. Tauraron Uhuru, wanda aka harba daga gaɓar tekun Kenya a 1970, ya ga sauyi tsakanin waɗannan yanayi biyu a Cygnus X-1 a 1971.

Kuskuren da ya fi kama sabon shiga shi ne yanke hukunci da yawan haske kawai. Maƙerin cikin birni launin ƙarfe yake dubawa kafin ya ɗaga guduma. Haka mai nazari zai auna rabon haske mai tsauri da mai laushi. Dalili kuwa, hanyar tafiya daban take da ta dawowa: ana shiga laushi haske na sama, amma ba a komawa tsauri sai ya yi ƙasa ƙwarai, kamar yadda GX 339-4 ta sha nunawa. Ke nan adadin haske ɗaya yana iya zuwa a yanayi biyu.

Kada kuma a gwama ma'aunin na'urori biyu kai tsaye, domin kowace da zangon da take gani. Wasu ɓarkewar ma har su mutu ba sa barin tsauri. Kafin a rubuta haka, a nemi bayanan rediyo na kwanakin, irin na MeerKAT da ke Afirka ta Kudu.