Ɗan Ina-da-Kisa a Fim: Jarumi Ne?

'Yan makaranta, na san da yawa daga cikinku kuna son finafinan ɗan ina-da-kisa, wato mutumin da ake biya ya kashe wani a ɓoye. Ni ma ina kallonsu, ba zan ɓoye muku ba. Amma duk lokacin da fim ya ƙare, sai in tambayi kaina: shin mutumin nan da muke tafa wa jarumi ne?

Ku dubi yadda yake aikinsa. Yakan hau bene, ya laɓe a bayan taga, ya auna wanda bai ma san da shi ba. A fim ɗin The Day of the Jackal na 1973, ƙungiyar OAS ta ɗauko hayar wani baƙo don ya harbe shugaban Faransa, Charles de Gaulle, saboda ya amince Aljeriya ta sami 'yancin kai a 1962. Don ya wuce masu tsaro, sai makashin ya yi shigar tsohon soja mai ƙafa ɗaya, ya ɓoye bindigarsa a cikin sandar da yake dogarawa. Wayo ne, babu shakka. To amma a fagen dambe, wanda ya naushi abokin karawarsa ta baya ba a yi masa kirari.

Fim ɗin da ya fi tsaya mini a rai shi ne The Bourne Identity na 2002. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta tura Jason Bourne ya kashe wani hamɓararren shugaba daga Afirka mai suna Wombosi. Wanda ya fito a matsayin shugaban, Adewale Akinnuoye-Agbaje, iyayensa 'yan Nijeriya ne. Bourne ya shiga jirgin ruwan mutumin da dare, ya ɗora masa bindiga, sai ya ga yara ƙanana a wurin. Ya kasa harbawa. Ya juya zai gudu, aka harbe shi a baya, ya faɗa cikin Bahar Rum. A wurin iyayen gidansa, ya ɓata aiki. A ganina kuwa, nan ne ya nuna jarunta, domin ya ƙi bin umarni alhali ya san ba za a ƙyale shi ba.

Fim ɗin ya nuna laifin hukumar, wannan kam a yaba masa. Sai dai ku lura da abu ɗaya. Daga baya wani maharbi ya kashe Wombosi a birnin Paris, labari kuma ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Damuwar makashi muke bi har ƙarshe. Ba a tsaya an tambayi wa ya ba wata ƙasa ikon yanke wa ɗan wata ƙasa hukuncin kisa ba, ko da kuwa azzalumi ne.

Kada ku ce ai wasa ne kawai. Patrice Lumumba ya zama firayim minista na farko a Kwango a 1960. A 1975 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya gano cewa CIA ta shirya ba shi guba, ko da yake ba a aiwatar da shirin ba. An harbe shi a Katanga ranar 17 ga Janairu, 1961, a gaban jami'an Beljiyam, yana da shekara 35, an kuma narkar da gawarsa. Beljiyam ta nemi gafara a 2002. A watan Yunin 2022 ta mayar wa iyalansa abin da ya rage daga jikinsa, wato haƙori guda ɗaya.