Wasiƙa ga Masu Sharhin Tamaula: Wa Zai Leƙa Aljihun Kulob?

Zuwa ga ƙanne da 'ya'ya masu riƙe da makirufo a shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyon Hausa.

Mai wannan wasiƙa tsoho ne da ya bar aikin tun wasu daga cikin masu yin sa yau suna firamare, kuma ba zai yi musu rowar yabo ba. Sun fi 'yan zamaninsa zaƙin baki da saurin samun labari. Sun yi wa Hausa hidima, har ta kai yaro mai tallan rake a Fagge yana warware rikicin satar gida da harshen da ya sha a nono. Allah ya saka da alheri. Yabon ke nan, abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami daban ne.

Ranar Juma'a, 17 ga Nuwamba 2023, aka zaftare wa Everton maki 10. Da daddare yana zaune a teburin mai shayin unguwarsu, rediyo na rataye a ƙusa saman jerin gwangwanayen madara, sai wani ya bugo waya cikin shirin wasanni na wata tasha. Murya ce ta mai shekaru. Ya ce tun zamanin Daniel Amokachi yake bayan Everton, yana roƙon a fahimtar da shi laifin da ƙungiyarsa ta yi. Mai gabatarwa ya ce dokar kuɗi suka karya. Abokin aikinsa ya tuntsire da dariya, ya ce su fara ɗaure kaya, rukunin 'yan dagaji na jiran su. Aka katse layi, aka koma kan ko Mbappe zai tafi Madrid, aka yi ta juya zancen har shayin tsohon ya huce.

Amsar da aka hana wannan bawan Allah ba ta fi ta minti biyu ba. Dokar Firimiya ta lokacin ta hana kulob yin asarar da ta haura fam miliyan 105 cikin shekara uku. Kwamitin da ya zauna ya lissafa ta Everton ya samu miliyan 124.5, wato ta tsallake layi da miliyan 19.5. Yadda aka kai nan kuwa labari ne da ya fi jita-jitar Mbappe daɗin sauraro. A 2016 Farhad Moshiri ya sayi kusan rabin kulob ɗin ya kwance bakin jaka. Aka yi ta sayen 'yan wasa da tsada ana sayarwa da araha, ana sallamar koci ana ɗauko wani, daga Koeman zuwa Allardyce zuwa Silva, har Lampard, kuma kowane korarre sai an biya shi. Ana cikin haka aka ɗauko ginin sabon fili a bakin ruwan Bramley-Moore. Da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, kulob ɗin ya yanke hulɗa da kamfanonin Alisher Usmanov masu ɗaukar nauyinsa, wata ƙofar kuɗi ta rufe. Daga baya an ɗaukaka ƙara, makin ya dawo 6, aka sake cire 2 a Afrilun 2024, duk da haka Everton ta tsira daga faɗuwa.

Kwana tara da hukuncin, Manchester United ta je Goodison Park. Dubban mutane suka ɗaga kwalaye masu tuhumar hukumar gasar da rashin gaskiya, duk wanda ke gidan kallo ya gani da idonsa. Garnacho ya ci ƙwallon nan ta wuntsila, aka kwashe mako ana yi mata kirari a rediyo. Kwalayen kuwa, a duk shirye-shiryen da tsohon ya saurara, ko tari babu wanda ya yi a kansu.

Laifi na farko da yake tuhumar ƙannensa da shi, shi ne sujada ga aljihu. Da zarar an ce wani attajiri ya sayi kulob, sai a sanar kamar an ga watan Sallah: kakarsu ta yanke saƙa, za su sayo wane da wane. Ba a tambayar ko kuɗin nasa ne ko na banki, ko kyauta ya zuba ko rance ya ba kulob ɗin wanda zai dawo ya karɓa, ko kuma filin wasan yana nan da sunan kulob ko an jinginar.

Ai masu sauraron Hausa sun san Portsmouth. A 2008 Nwankwo Kanu ne ya zura ƙwallo ɗaya tilo a ragar Cardiff suka ɗauki kofin FA, John Utaka ne ya bugo ta daga gefe, gidajen kallo daga Kano har Jos suka kaure da ihu. Albashin da ya tara waɗannan zaratan ya fi ƙarfin kulob mai filin da bai wuce cin mutum dubu ashirin da 'yan kai ba. Kakar 2009 zuwa 2010 kaɗai, Portsmouth ta ratsa hannun masu ita har huɗu: Gaydamak, Al-Fahim, Al-Faraj, Chainrai. Albashi ya riƙa makara. A Fabrairun 2010 ta zama ƙungiyar Firimiya ta farko da aka naɗa wa kantoma saboda bashi, aka cire mata maki 9, ta faɗi. Zuwa 2013 tana aji na huɗu. Waɗanda suka ɗauke ta daga ƙasa magoya baya ne, suka yi karo-karo, hannun jari ɗaya fam dubu, suka saye ta. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Mai sharhin da ya yi guɗa ran cin kofi, ya kamata a ce shi ne ya fara gaya wa jama'a cewa rigar ta aro ce.

Wanda ya fi ba tsohon takaici shi ne Manchester United, domin babu ƙungiyar da ake ɓata mata iska a rediyon Hausa kamarta. Shekara da shekaru ana gardama a kan koci, a kan Maguire, a kan Rashford. Nawa ne cikin masu sauraro aka taɓa zaunarwa aka bayyana musu cewa a 2005 iyalan Glazer sun sayi kulob ɗin a kan kusan fam miliyan 790, amma fiye da miliyan 500 bashi ne aka ciwo aka ɗora wa kulob ɗin da ba a bin sa ko sisi? Misalinsa mutum ya sayi shagon wani da rance, sannan ya ce cinikin shagon ne zai biya rancen da kuɗin ruwansa, shi kuma yana ɗibar riba. Kowane ɗan kasuwar Kantin Kwari zai gane wannan nan take. Shi ya sa wasu magoya baya suka ɓalle suka kafa FC United tun a shekarar, shi ya sa aka ga gyale kore da ruwan ɗorawa a 2010, shi ya sa aka kutsa Old Trafford a Mayun 2021 har aka ɗage wasa da Liverpool. Ran da ruwan sama ya riƙa kwarara ta rufin filin bayan wasa da Arsenal a 2024, aka mai da abin barkwanci a tsakanin 'yan adawa. Babu wanda ya haɗa yoyon rufi da bashin 2005.

Daga nan laifi na biyu ya samo tushe. An mai da faɗuwa daga gasa abin zolaya, an mai da magoya bayan da suka fito zanga-zanga 'yan tada zaune tsaye. Adawa gishirin ƙwallo ce, tsohon bai ce a daina ba, shi ma ya yi tasa. Amma ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a Firimiya tana tashi da abin da ya kai fam miliyan 100 daga rabon kuɗin gasa, mafi yawansa na talabijin. A aji na biyu kuwa kason bai kai ko kusa ba, shi ya sa ake bin wadda ta faɗi da tallafin rage raɗaɗi na 'yan shekaru. Manyan 'yan wasa suna samun wani kulob kafin mako ya zagayo. Masu rasa abinci su ne mai yankan tikiti, da mai wankin riguna, da mai gyaran ciyawa. Kuma kaka biyu a jere, ta 2023/24 da ta 2024/25, duk ƙungiyoyi ukun da suka hauro sun koma inda suka fito. Wannan ba sa'a ba ce, giɓin kuɗi ne, kuma tsoron giɓin ne ke sa masu kulob yin caca da abin da ba su da shi.

Bury ta kafu a 1885, ta ci kofin FA sau biyu. A Disambar 2018 aka sayar da ita a kan fam ɗaya. 'Yan wasanta suka hau aji na uku ba tare da ana biyan su albashi a kan kari ba. Ranar 27 ga Agusta 2019 magoya baya suka fito da tsintsiya da bokiti suna wanke kujerun Gigg Lane, suna sa ran za a yi wasa ranar Asabar. Daren ranar aka kori kulob ɗin daga gasa gaba ɗaya. Irin wannan ne, da rikicin Super League na 2021, suka kai majalisar Birtaniya ga yin doka a 2025 ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa bincikar masu sayen kulob. Ko wannan ma bai samu minti biyar a rediyo ba.

A da ba haka aka koyar da 'yan zamanin tsohon ba. Marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya, wanda ya laƙaba wa Segun Odegbami da Christian Chukwu sunayen da suka bi su har tsufa, ba da zaƙin murya kaɗai ya yi suna ba, sai da sanin kan 'yan wasa da ƙungiyoyinsu ciki da bai. Abubakar Imam, da ya fara riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya ɗauki yaƙin duniya sukutum ya warware wa manomin da bai taɓa ganin teku ba. In yaƙin duniya ya shiga Hausa, ina dalilin da lissafin riba da asara zai gagara? Editan da ya raini mai wannan wasiƙa, Allah ya jiƙansa, yakan mai da rahoton wasa da jan biro in babu adadin 'yan kallo da abin da aka tara a ƙofa. Yau in tsoho ya kawo wannan zance a taro, sai a yi masa murmushin tausayi, a ce Baba zamani ya sauya, jama'a ba sa son lissafi. Wace jama'a? Wadda ke kwana lissafin farashin masara a Dawanau? Ƙyuya ce kawai aka sa mata hula aka kira ta son ran mai sauraro. Wanda aikinsa kwafo jita-jita daga shafin Fabrizio Romano ya juya ta Hausa, tafinta ne, kuma ko a tafintocin ba na gaba ba.

A gafarce shi, harshe ya ɗan zarce. Ba kowa yake nufi ba.

Amma ba zai rufe ba sai ya taɓo gida, don a nan gizo ke saƙa. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly a 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. A 2022 ta faɗi, tare da Katsina United da Heartland da MFM. An yi kuka a rediyo, an tsine wa alƙalan wasa, an yi murna da ta dawo bayan shekara. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta mallaka. Yawancin ƙungiyoyin gasar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, da dukiyar talakawa ake riƙe su, shugabanninsu naɗin siyasa ne, suna zuwa da gwamna suna tafiya da shi. Na 'yan kasuwa kuma ransu na hannun mutum ɗaya. Mighty Jets ta Jos ta ci gasar farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ci ta 1978, Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu cin kofi a 1988. A tambayi matashi ina suke yau. Remo Stars ta Kunle Soname ta ci gasar a 2025, ga dama ta samu a zauna a kwatanta yadda ake tafiyar da kulob na mutum da na gwamnati, aka bar ta ta wuce.

Dalilin shirun ba ɓoyayye ba ne, kuma mai wasiƙar ba zai wanke kansa ba. Akwai shekarar da ya bi wata ƙungiya wasan waje, a motarsu, a masaukinsu. Da dare wani mai tsaron baya ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya nuna masa takalmin da ya ɗinke da zaren buhu, ya ce wata biyar ba su ga albashi ba, matarsa kuma ta kusa haihuwa. Da safe sakataren kulob ya miƙo ambulan, wai na goro. Ya karɓa. Rahoton da ya aika ya ce 'yan wasa suna cikin ƙoshin lafiya da ƙwarin gwiwa. Ƙungiyar ta faɗi a ƙarshen kakar, yaron ya koma acaɓa, shi kuma ya hau rediyo ya ɗora laifin a kan koci.

Abin da yake roƙo bai taka kara ya karya ba, gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba. Kulob-kulob na Ingila dole suke miƙa lissafinsu na shekara ga hukumar rajistar kamfanoni, kowa na iya buɗewa a intanet kyauta. Jihohi da dama suna wallafa kasafinsu, a nemi layin ma'aikatar wasanni a ga abin da aka ware, sannan a tambayi ɗan wasa abin da ya shiga asusunsa. A cire minti biyar daga kasuwar jita-jita a ba wannan, ko da sau ɗaya a mako. In kuma dattijon nan na Everton ya sake bugowa, don Allah a bar shi ya ƙarasa tambayarsa. Kamfanin Friedkin ya sayi kulob ɗin tun Disambar 2024, an koma sabon fili a 2025, tabbas yana da wata a bakinsa.