Baƙo a Birnin Osaka da Littafin Ja-gora

Duk wanda ya sauka Osaka, birnin fatake na ƙasar Japan, da littafin ja-gora a hannu, farkon abin da littafin zai nuna masa shi ne fadar sarki Hideyoshi. To, amma hasumiyar da ake tururuwar kallo ba ta asali ba ce, a 1931 aka gina ta da kankare. Littafin nan halin dillali gare shi, hajar da ta fi tashi ita yakan fara shimfiɗawa.

Lalle ya kamata falke ya buɗe shafukan baya. Can zai tarar da Dojima, a bakin kogi, inda hukuma ta amince da kasuwar shinkafa a 1730. Ba buhuna ake jibgewa a wurin ba, takardun shaidar ajiya ake ciniki, har da shinkafar da ba ta zo hannu ba tukuna. Da kaɗa tuta ake miƙa farashi daga tudu zuwa tudu, ya riga ɗan aike isa garuruwa masu nisa. Malamai sun san maganar fikihu a kan sayar da abin da babu shi a hannu; ga kuwa inda aka fara tsara irin wannan ciniki da ya game duniya yau. An rufe kasuwar a 1939. Alamar tunawa kaɗai ta saura, mai sauri sai ya wuce ta bai sani ba.

In da sauran rana, sai ya leƙa layin Doguyasuji na masu tukwane da wuƙaƙe, sa'an nan rufaffen layin Tenjinbashi, wanda tsawonsa ya haura kilomita 2 da rabi.