BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Wanda duk ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan da ke kai wa kasuwar Maigatari ran Alhamis cikin watan Agusta ya san abin da za mu yi magana a kansa yau. Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye, motocin shanu da na hatsi sun fito za su ci kasuwa, sai a tarad da wata babbar mota ta kafe a wani kwari, bayanta motoci sun yi jerin gwano. A cikinsu akwai falken da ke tsoron kada kasuwa ta watse, akwai malamin makaranta da yara ke jira, wata rana kuwa har da mace mai naƙuda da a ke son kai wa asibitin Gumel. Kowa sai ya kaɗa kai ya ce, "Damina ce." Mu kuwa mun ce damina ba baƙuwa ba ce. Ko wace shekara ta ke zuwa, ba ta taɓa ɓoye ranar zuwanta ba. In ta same mu ba shiri, laifin ba nata ba ne.

Domin a gane abin da mu ke nufi, bari mu kai masu karatu ƙasashen sanyi, inda mutane ke da tasu irin daminar. A Ingila da Kanada da arewacin Amurka, idan hunturu ya shiga, ruwan sama ya kan sauko kamar gari, fari fat, shi ne a ke kira dusar ƙanƙara. A waɗansu wurare ta kan taru har ta binne mota. Abin da ya fi wannan haɗari kuwa shi ne laimar da ke bisa kwalta, wadda ta kan daskare da dare ta zama kamar gilashi, direba ya taka birki mota ta yi ta santsi da shi. To, da hukumomin can su kan ce, "Hunturu ne," su naɗe hannu, da kasuwa da makaranta da asibiti duk sun tsaya watanni. Amma ba su tsayawa, dalili kuwa abubuwa huɗu ne.

Na fari, tanadi. Ruwa zalla ya kan daskare idan ma'aunin zafi ya sauko sifiri, amma ruwan gishiri sai sanyi ya fi haka tsanani. Sabo da haka tun cikin watannin zafi hukumomin hanya ke sayen gishirin da a ke haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, su cika rumbuna. Da hunturu kuwa akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan sauraron masu duban yanayi. Da ya ji za a yi daskara da dare, sai ya ta da direbobi tun da yamma a barbaɗa gishiri, kamin ƙanƙara ta kama kwalta. A hunturun 2009 zuwa 2010 sanyi ya yi tsanani a Ingila har gishiri ya yi ƙaranci, sai da gwamnati ta shiga rabon abin da ya rage. Kwamitin da ya bincika al'amarin ya ba da shawara ko wace hukuma ta riƙa shiga hunturu da gishirin kwana 12 a ajiye.

Na biyu, jerin hanyoyi. Babu hukumar da ke iya share hanyoyinta duka dare ɗaya, sabo da haka su kan zauna tun da wuri su rubuta wadda za a fara da ita: manyan hanyoyi, da hanyar asibiti, da hanyar motocin haya, da ta makarantu. Su kan buga taswira kowa ya gani, har talaka ya san ko titin gidansa yana ciki.

Na uku, mai alhaki. A 2003 aka daɗa wa dokar hanyoyin Ingila wani sashe wanda ya wajabta wa hukumar hanya ta yi iyakacin abin da ya yiwu kada ƙanƙara ta jefa matafiya cikin haɗari. Inda doka ba ta kama mutum ba kuwa, jama'a su kan kama shi. A Janairun 1979 dusar ƙanƙara kusan inci 20 ta sauko wa birnin Shikago na Amurka, hukumar birnin ta yi sanyin jiki wajen share ta. Wata na zagayowa mutane suka ka da magajin garin, Michael Bilandic, a zaɓen fid da gwani, suka zaɓi Jane Byrne.

Na huɗu, kare hanya kamin ta lalace. Inda iska ke kwaso dusar ƙanƙara, su kan kafa shinge ko su dasa layin itatuwa nesa kaɗan da hanya, don ƙarfin iskar ya karye ta zubad da kayanta tun ba ta iso kwalta ba. Idan kuma ƙanƙara ta fara narkewa, ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta ta yi laushi, jihohi irin su Minesota da Kwibek su kan rage nauyin da aka yarda manyan motoci su ɗauka har ƙasa ta tsane.

To, jama'a, mu komo gida. Ba mu da dusar ƙanƙara a ƙasar Lautai, amma muna da abokan gaba biyu masu aiki tare, watau yashi da ruwa. Sunan jiharmu ma daga jigawa aka samo shi. Da rani iskar arewa maso gabas ta kan kwaso rairayi a wajajen Maigatari da Sule Tankarkar, ta cika lambatu, ta toshe bakin kwalbati. A cikin gari kuma leda da shara su kan ƙarasa abin da yashi ya bari. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwanta da ƙarfi ya ke sauka. Idan ya zo ya tarad da kwalbati a toshe, ai ba zai koma ba. Sai ya kwanta a gefen hanya ya jiƙa gindinta, ko kuwa ya hau ta bisa ya yanke ta. Daga nan sai babbar mota ta zo da lodi ta ƙarasa. Gwajin da injiniyoyin Amurka suka yi a jihar Ilinoi daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke bisa ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar da ta ke yi wa hanya ta kan ninku wajen sau 16. Wannan a hanya mai kwalta ke nan, balle hanyar burji wadda ta sha ruwa.

Kada wani ya ce wannan hikima ta Turawa ce, ba mu san ta ba. A zamanin En'e, sa'ad da a ke kai gyaɗa tashar Gagarawa bisa layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, hanyoyi iri biyu ne, akwai na rani, akwai na ko wane lokaci. Ko wane yanki na hanya yana da leburorinsa da helmansu, da shebur da kwando, kowa ya san iyakar milolinsa. Idan an yi ruwa mai yawa a kan gitta sanda a tsai da manyan motoci har hanya ta sha iska, kamar yadda maƙwabtanmu na Nijar su ma suka daɗe da sani a hanyoyinsu na burji. Ba mu ce zamanin nan ba shi da aibi ba, gama talakawa sun sha aikin tilas a farkonsa, ba kuwa wanda ke son a komo da shi. Abin da mu ke so a ɗauko kaɗai shi ne ko wace hanya ta zama da mai ita.

Yau fa hanya ta wa ce? Manyan hanyoyi na Gwamnatin Tarayya ne, ita kuwa ta kafa hukumar FERMA a 2002 don gyaransu. Waɗansu na jiha ne, jihar ma tana da tata hukumar gyaran hanyoyi. Sauran, watau hanyoyin ƙauyuka da titunan cikin gari da magudanan ruwa, Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora su a wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda suka gaji En'e tun gyaran 1976. Bisa takarda kome ya fito fili. Amma ran da kwalbati ya rufta, sai ka ji kowa yana nuna ɗan'uwansa. Da ma tunkiyar mutane da yawa ita ce ke kwana a waje.

Mun san amsar da za a ba mu, watau babu kuɗi. Gaskiya ne ƙaramar hukuma a nan ba ta kai gundumar Ingila wadata ba, ba kuwa mu ce a sayo injuna irin nasu ba. Amma a yi lissafi. Yashe kwalbati aikin mutum huɗu ne da shebur da baro yini ɗaya. Sake gina shi bayan ruwa ya tafi da shi kuwa sai kwangila, da siminti, da rodi, ga hanya a yanke har kaka. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 1988 cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na dala biliyan 45 cikin shekara 20, alhali da sun kashe ƙasa da biliyan 12 wajen kula da su da ba a yi asarar ba. Ashe matalauci shi ya fi kowa bukatar kula da abin hannunsa. Ga shi kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wanda ya nemi a ba shi kuɗinsa a hannu, lalle ya yarda a tambaye shi abin da ya yi da su. Matsalar, in za a faɗi gaskiya, ita ce sabuwar hanya a kan yanka mata ƙyalle a buga tambari, amma ba wanda a ke yi wa kirari don ya yashe lambatu.

Sabo da haka ga shawararmu ga majalisun Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Hukumar NiMet ta kan fid da hasashen damina tun farkon shekara, da lokacin da a ke sa ran saukar ruwa. Da ya fito, ko wace majalisa ta zauna a kansa. Kamin ƙarshen Afrilu a buɗe rajista a rubuta ko wane kwalbati da ko wane kwari da ya saba yanke hanya, da sunan ma'aikacin da aka danƙa wa. Kamin ƙarshen Mayu a yashe su duka, a jibge burji da duwatsu da buhunan yashi kusa da wuraren da aka san su da ta'adi, gama shi ne gishirinmu. A rubuta hanyoyin da za a fara kai wa gudummawa, ta asibiti da ta kasuwa da ta makaranta, a manna a sakatariya da ƙofar gidan hakimi, tare da lambar wayar wanda za a kira. A komo da tsai da manyan motoci a hanyar burji bayan ruwa, amma a rubuta yawan sa'o'in a allo kowa ya gani, don kada shingen ya zama wurin karɓar na goro. Cikin marka kuma, lokacin da dashe ke kamawa, a dasa layin darbejiya ta gefen da iska ke fitowa, a haɗa da shingen aguwa, don yashin baɗi ya sami inda zai tsaya.

Ku malaman ofis, wannan rajista a hannunku ta ke. Shugaba ya kan zo ya tafi, amma takarda tana nan. Idan lokacin kasafi ya yi, ku ne za ku tuna wa majalisa layin kula da hanyoyi, ku ne kuma za ku hana a kwashe kuɗinsa zuwa wani biki. Ku kuma malaman makaranta, babu wanda ya fi ku sanin inda hanya ke yankewa, tun da ku ne ke tura babur cikin taɓo ko wace safiya. Ko wane hedimasta ya rubuta a littafin makaranta ranakun da ruwa ya hana yara ko malamai zuwa, da wurin da ya tsare su, ya aika wa majalisa a ƙarshen zango. Ku fita da 'yan aji shida su zana taswirar magudanan ruwan garinsu. Yaron da ya ga inda ledar da ya yar ta je ta maƙale, ya sami darasin da allo ba ya bayarwa.

Sauran jama'a ma da nasu. Manomin da ya ci gefen hanya da garma ya toshe mafitar ruwa, da mai haƙar ƙasar bulo dab da kwalta, da mai zuba shara a lambatu, duk da hannunsu a cikin kafewar motar nan. Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su ja kunne, su kuma tsai da ranar gayya ɗaya kamin ruwan fari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mutanen ƙasashen sanyi ba su fi mu hankali ba, ba su kuma iya hana hunturu zuwa ba. Sun dai koyi sayen gishiri tun rana na ƙwallewa. Mu ma shebur ɗinmu sai ya fita tun cikin bazara, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya, amin.