Manhajar "share waya" batirinka take ci

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a Geceme da sauran garuruwan Arewa, daga Tibiri har Dogon Dutsi. Mutum zai sayi 'yar wayarsa ta Android, kafin ya bar rumfa sai mai gyara ya sa masa manhajar da aka ce tana share waya ta ƙara mata gudu. Daga ranar, kullum yana danna tsintsiya yana kallon lambobi suna sauka. Ni a ganina cutar mai waya ake yi, musamman wanda sai ya biya kuɗi a wurin mai caji kafin wayarsa ta tashi.

Sai mun duba yadda manhaja take tashi kafin a gane dalilina. Duk manhajar da ka buɗe, wani shiri da ke gudana ne yake haifarta. Dabarar ta yi suna a tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969. Sunanta fork: shirin da ke aiki ya kwafi kansa ya zama biyu, uwa da ɗa, ɗan ya kama nasa aikin. Linux ya gaji wannan a 1991, a kansa kuma aka gina Android.

A cikin Android akwai uwa guda mai suna Zygote. Da ka kunna waya take tashi, ta ɗauko kayan da kowace manhaja za ta nema, ta zauna jira, kamar mai shayi da ya tafasa ruwansa tun asuba. Ka taɓa WhatsApp, sai ta kwafi kanta, ɗan ya zama WhatsApp. Haihuwar kanta ba ta da tsada, don uwa da ɗa suna tarayya a kayan da aka riga aka ɗauko. Abin da ke biyo baya ne mai tsada. Dole sabon ɗan ya karanto nasa kayan daga ma'ajiya, ya zana fuskarsa, ya nemi hanyar intanet, kuma duk wannan wuta yake sha. Manhajar da ka fita daga cikinta kuwa, kwance take kawai. Ka dawo, ta miƙe daga inda ta tsaya.

To me tsintsiyar take yi? Kashe na kwance take yi. Wasu, masu jiran saƙo, sukan sake tashi da kansu, sauran kuma kai za ka buɗe su an jima, a sake haihuwa daga farko. Ita kanta tsintsiyar ga ta nan tana gudana, tana jawo talla da kuɗin datarka.

Masu Android ɗin ma sun faɗa. A 2016 Hiroshi Lockheimer, shugaban sashen a Google, ya ce rufe manhajoji da hannu ba ya taimakon batir. A Fabrairun 2020 Google ta cire manhajojin Cheetah Mobile, masu Clean Master, daga Play Store saboda tallan da ya wuce gona da iri. Daga Android 14 na 2023 kuma, an hana manhaja kashe ayyukan wata da ke kwance.

Na san abin da mai gyara zai ce: wayar da ke da ƙaramar ƙwaƙwalwa tana yin nauyi. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma Android na da nasa mai kora, wanda in wuri ya ƙure yake fara sallamar wadda aka daɗe ba a taɓa ba, kuma ya fi tsintsiya sanin wacce ce. Abin da zan roƙi masu rumfa shi ne su nuna wa mai saye yadda zai cire manhajar da ba ya amfani da ita, ya sa Facebook Lite a madadin babbar, ya kuma goge bidiyon biki da WhatsApp ya tara masa.