Ciwon zuciyar da ake haifar mutum da shi: awon da ya fi dacewa da Kano

A 1996, bayan Najeriya ta ɗauki zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta, likitocin Inter Milan sun gano cewa Nwankwo Kanu yana da lahani a ƙofar zuciyarsa. An yi masa tiyata a Cleveland ta Amurka a watan Nuwambar shekarar, ya kuma koma fili. Awo ne ya tona lahanin, a lokacin da yake murza leda kamar lafiyarsa ƙalau.

Ƙofar da ake magana ita ce wadda jini ke bi daga zuciya ya shiga babbar jijiyar da likitoci ke kira ayota. A yawancin mutane marufinta uku ne. Amma mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ana haifarsu da marufi biyu, maza sun fi yawa, kuma abin yana bin jini. Da yawa sukan tsufa ba su sani ba. Wasu kuwa ƙofar kan ƙuntace ko ta riƙa yoyo, jijiyar ta yi ta buɗewa a hankali har bangonta ya tsage. A unguwa sai dai a ji an ce mutuwar fuju'a ce.

Shekara da shekaru likitoci faɗin jijiyar suke aunawa. Idan ya kai santimita 5.5 sai a yi maganar tiyata, ko 5.0 in akwai ƙarin haɗari, kamar tarihin tsagewar jijiya a dangi. Matsalar ita ce wani babban bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna kusan shida cikin goma na waɗanda jijiyar ta tsage musu, faɗinta bai kai 5.5 ba.

Shi ya sa masu bincike suka koma duba taurin jijiyar. Lafiyayyiyar ayota kamar sabon tiyo take, tana buɗewa da kowace bugawar zuciya ta koma. Idan bangonta ya lalace sai ta sandare, bugun jini ya riƙa ratsa ta da sauri. Na'urar MRI tana auna wannan saurin, tana kuma nuna yadda jini ke murɗawa yana dukan gefe ɗaya na bangon idan marufi biyu ne. An ga masu wannan lahani da jijiyarsu ta yi tauri alhali faɗinta bai canza ba. Duk da haka, ƙa'idojin tiyata a Turai da Amurka har yanzu faɗi suke bi. Awon tauri yana matakin bincike ne.

To mene ne rabon mazaunin Yakasai ko Mandawari a wannan? A ganina, kaɗan ne a yanzu, kuma ba nan ya kamata kuɗin gwamnati ya fara zuwa ba. Wanda ke lissafin kuɗin maganin hawan jini na wata ba zai biya MRI duk shekara ba. Hoton eko, wanda ke amfani da sauti kamar sikanin masu ciki, ya isa ya nuna adadin marufin da faɗin tushen jijiyar, ba allura, ba yanka. Abin tambaya shi ne mutum nawa cikin masu cika layi a Asibitin Murtala ake ɗora wa abin sauraren ƙirji a natse, kuma wanda aka ji ƙarar da ba ta dace ba, kwana nawa yake jira kafin a yi masa eko.

Akwai kuma wani dalilin. Ciwon ƙofar zuciya da ya fi addabar Arewa shi ne wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba. Binciken REMEDY na 2015, wanda Farfesa Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake cikin marubutansa, ya bi marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, akasarinsu matasa ne kuma mata. Na'urar eko ɗaya ce ke gano wannan da wancan. Duk wadda aka saka a asibitin cikin gari, aka horar da mai sarrafa ta, aiki biyu za ta yi.

Mata sun fi buƙatar a kula. Juna biyu na ƙara wa zuciya da jijiya nauyi, har ƙa'idojin Turai na 2018 suka shawarci mai marufi biyu da faɗin jijiyarta ya haura santimita 5 da kada ta ɗauki ciki kafin a gyara. A garin da mace kan haihu sau shida ko bakwai, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dokar gwaji kafin aure da Kano ta kafa a 2024 ta fi karkata ga sikila da cututtuka masu yaɗuwa. Ba na cewa a ƙara eko a kai, ango ya riga ya sha kashe kuɗi. Amma ƙa'idar likitoci ita ce idan an gano lahanin a jikin mutum ɗaya, a duba iyayensa da 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya. Wanda aka gano wa kuma ya riƙe maganin hawan jini, ya tambayi likita kafin ya ci gaba da ɗaukar kaya masu nauyi, abin da ke da wuya ga ɗan dako a Kasuwar Kurmi.