Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Muhalli na Tarayya kan Asusun Biyan Asarar Sauyin Yanayi

Mai girma Minista,

A taron yanayi na Sharm el-Sheikh a 2022 ƙasashen duniya suka amince da kafa asusu domin tallafa wa ƙasashe masu tasowa kan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa. An ƙaddamar da shi a Dubai a 2023, aka damƙa riƙon kuɗinsa na wucin gadi a hannun Bankin Duniya. Alkawuran farko sun kai kusan dala miliyan 700, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka dubi yawan masu miƙa hannu.

Najeriya tana da hujjar nema. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumban 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse, ruwa ya shiga Maiduguri da Jere. Ya mamaye Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a, ya rushe katangar gidan yari, har namun daji suka fita daga gidan ajiyarsu. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi, wanda gwamnatin jiha ta rufe a 2021, sai da aka sake buɗe shi. Da yawan waɗanda suka shiga cikinsa mutane ne da rikicin Boko Haram ya kora tun farko; wannan ne gudun hijirarsu na biyu.

Sai dai asusun ba ya biya da jin labari, takarda yake nema, kuma nan gizo ke saƙar. Ƙidayar da aka saba yi bayan ambaliya tana tsayawa kan gawawwaki da gidajen da suka rushe da eka nawa na gona ruwa ya ci. Ba ta cika ɗaukar irin shuka da ya ruɓe a rumbu ba, ko akuyar bazawara, ko keken ɗinkin da aka ɗauko bashi, ko jarin 'yar kasuwa da ya jiƙe a shago. Ɗan haya ma yakan faɗi a lissafin, domin sunan mai gida ake rubutawa. Ya kamata ma'aikatarku, tare da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) da hukumomin agajin jihohi, ta buɗe rajista guda ta asara, a cike ta da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata, a kuma bar ta a fili kowa ya duba.

Akwai kuma tambayar da masu bayarwa za su yi. Alau ta taɓa haddasa ambaliya a 1994. Nawa ne laifin ruwan sama da ya wuce ƙima, nawa ne na sakaci da gyara? Gwamnatin da ta ɗora komai kan yanayi za ta raunana hujjarta da kanta. Gara ta wallafa binciken injiniyoyi kan madatsun ƙasar kafin a tambaye ta.

A teburin tattaunawa, wakilan Najeriya su tsaya kan cewa kuɗin kyauta ne, ba rance ba, kuma wani kaso ya isa hannun al'ummomin da abin ya shafa kai tsaye. Ba kamar Nijar da Chadi ba, Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba da ake bai wa fifiko, don haka ingancin bayananta ne zai sama mata rabo.

Wassalam.